Jar Filta a Motar Koyo

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau raina a ɓace yake, idan ban amayar da abin nan ba zai shaƙe ni. Masu bina tun farko sun san ni. Sabbin zuwa kuma ga ni a taƙaice: ni ce auta a gidanmu, sana'ata koya wa mata tuƙi, kuma duk abin da na mallaka a duniya wata 'yar farar mota ce da Baba ya bar mini. Na sa an yi mata birki da kuloci na biyu a gefen da nake zama, na shigar da ita makarantar koyon tuƙi. Mai makarantar mace ce da ba ta da wasa, dokarta ɗaya ce, kowa ya haddace ta: motar da ta mutu a gaban mai jarrabawa, an cire ta daga layi. Idan babu mota, ni ma babu aiki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu bari in gabatar muku da bawan Allahn da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kwaso mana. Ɗan ƙawarta ne. Yana da shagon kayan ƙawata mota, irin su fitilu masu launi da bakin salansa mai sheƙi, yana kuma yin bidiyo yana sakawa a shafinsa. A gidanmu Injiniya ake ce masa, ban san wanda ya naɗa shi ba. Ni a wayata na sa masa Mai Filta, kuma har a nan haka za ku ji ina kiransa.

Ranar da ya fara zuwa, tun yana kan kwana muka ji shi. Motarsa na wani gurnani, tagogin falonmu na rawa, kazar maƙwabta ta tsallake katanga. Gwaggo ta dafe ƙirji don daɗi.

"Kin ji mota, Auta? Ki tashi ki canza wannan tsummar rigar."

Na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ba na so, na yafa baƙin mayafi, ban ko shafa hoda ba. Ya shigo cikin farar riga mai gajeren hannu wadda ta matse shi, agogo ya cika masa hannu, turarensa ya riga shi zama. Ya durƙusa ya gaida Mama har ƙasa, ya gaida Gwaggo, sannan ya koma mota ya dawo rungume da kwalaye uku.

A zuciyata na ce, to, aƙalla yana da hannun kyauta.

Ashe filtar iska ce ta injin mota. Guda uku. Ya ture kofunan shayi gefe, ya jera su a kan farin mayafin teburin Mama, wanda ko mu 'ya'yan gida ba mu isa mu ɗora masa cokali ba.

"Mama, kin ga wannan ja?" Ya ɗaga ta sama da hannu biyu. "Auduga ce ninki huɗu a tsakanin ragar waya. Jan mai ake shafa mata. Iska na wucewa yadda take so, mota ta numfasa. Wannan shuɗiyar ninkinta ya fi yawa, ta fi kama datti, sai dai tana ɗan riƙe iska. Wannan kuma soso ce, manta kamar danƙo yake, ta masu bin hanyar da ba kwalta ce."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, wadda ko keke ba ta taɓa hawa ba.

Ya juyo gare ni. "Ke wacce iri ce a motarki?"

"Ta takarda. Idan ta yi datti in jefar in sa wata."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ta malalata ke nan. Waɗannan ba a jefar da su, har jikokinmu sai su gada. Ki fesa mata ruwan wankinta, ki ɗauraye daga ciki zuwa waje, ki shanya a inuwa. Ba rana, ba a hura mata iskar famfo. Idan ta bushe ki bi layi-layi da mai, kaɗan-kaɗan, ki jira ya ratsa."

Jikokinmu. Kun ji fa. Mutum bai tambaye ni ko ina lafiya ba, har ya raba wa jikokina gado.

Don in ƙure shi na ce, "Idan man ya yi yawa fa?"

"Sai ya bi iska ya je ya manne a jikin sensa, 'yar na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji. Daga nan mota ta rikice. Amma wannan kuskuren 'yan koyo ne, ba irinmu ba."

Mama, wadda tun zuwansa take jan carbi, ta ɗago kai.

"Idan ta rikice, ta lalace ke nan gaba ɗaya?"

"A'a, Mama. Ta dai riƙa shaƙewa tana mutuwa a hanya, ba ta da daɗin aiki."

"Uhm," in ji Mama, ta ci gaba da jan carbinta.

Bayan ya tafi aka sa ni a tsakiya. Gwaggo ta ce yaro mai ladabi, mai sana'a, ga mota. Mama ta ɗauko tsohuwar waƙarta: kullum ina titi, rana ta dafa ni, bakina ya saba da ihun "birki, birki", wace mace ce ke yini a mota da baƙin mutane? Ba yau ta fara ba. Tun da na kama aikin nan ba ta taɓa tambayata yadda na yini ba, sai dai yaushe zan bari. Makullin motar na biyu ma yana hannunta, a cikin 'yar jakar da take ajiye katin asibiti, wai saboda tsaro.

Na ce su ba ni lokaci. Gwaggo ta ce lokaci ba ya jiran kowa, ta ɗauki sauran biskit ɗin ta zuba a jaka.

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Bari in kwafo muku kaɗan, don kada ku ce sharri nake masa.

"Barka da safiya sarauniya. Kin san ja ta fi shuɗiya ƙara idan aka taka totur?"

"Ban sani ba."

"Na yi mafarkinki jiya. Yau zan wanke soso, in turo miki bidiyo?"

"A'a."

Ya turo. Mutum tsugune a gaban bokiti, yana lallaɓa soso kamar mai yi wa jariri wanka, yana yi wa kyamara bayani da wata muryar da ba tasa ba. Na kalli rabi na goge. Wallahi da yana ba ni rabin kulawar da yake ba wa sosan nan, da wataƙila na duba lamarinsa.

Wata rana ya rubuto: "Ki bar ni in sa miki ja a motarki. Kyauta."

Na amsa: "Motar koyo ce. Ba gudu muke yi ba, ba ƙara muke nema ba. Kada ka taɓa mini mota."

Ya turo hoton fuska mai hawaye. Na kife wayar.

Ana cikin haka ina da ɗaliba mai jarrabawa, wata nas ce, uwar 'ya'ya uku. Tana tashi daga aikin asibiti idonta jawur, ta zo mu yi ta ribas tsakanin robobin da ake jerawa a filin koyo har ƙafarta ta sage. So take ta daina jiran motar haya da yara a bakin titi. Ta taɓa faɗuwa sau ɗaya a wajen tashi a kan tudu, don haka muka dage a kansa har ta iya shi kamar cin abinci. Ranar da jarrabawar ta rage saura kwana ɗaya, na duba mai, na duba ruwa, na duba taya, na wanke motar da hannuna, na ajiye ta a ƙofar gida. Da la'asar Mama ta aike ni kai wa Gwaggo saƙo, ta ce in hau ta haya, in bar motar ta huta tunda gobe tana da aiki. Har na ji daɗi, na ce yau Mama ta tuna da aikina.

Da na dawo motar na nan inda na bar ta, sai dai an ja kujerar direba baya, kuma turaren nan ya cika ciki.

"Mama, wa ya shiga motata?"

"Injiniya ne ya zo, ya ce zai sa miki kyauta. Ki kira ki yi godiya."

Na buɗe bonet, na ɓalle murfin akwatin filta. Ga ta nan, ja, tana sheƙi. Na dangwala yatsa, ya fito da maiƙo. Na kira shi.

"Ina filtata?"

"Sarauniya! Kin gani? Tsohuwar ai na jefar, abin kunya ce."

"Na ce kada ka taɓa. Kuma man nan bai yi yawa ba?"

"Haba, ni za ki koya wa? Haka sabuwa take. Tayar ki ji."

Na tayar. Ta tashi lafiya, na zaga layinmu na dawo, ba abin da na ji sai ɗan ƙarin huci idan na taka. Shagunan kayan mota sun rufe, jarrabawa kuma da sassafe ce. Na ce bari a wuce gobe, in cire masa tsiyarsa in kai masa har shago.

Da safe muka isa filin jarrabawa. Nas ta sha farin mayafi, tana ta motsa baki da addu'a. Mai jarrabawa, wani dogo mai gilashi da ba ya dariya, ya zauna a kujerata, ni na koma baya na harɗe hannu. Mai makaranta na tsaye can a inuwa da sauran malamai.

Ribas, lafiya. Shiga tsakanin robobi, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Zuciyata ta fara sanyi. Muka fita titi, muka zaga, muka nufo tudun. A nan na ji motar ta yi wata 'yar shaƙuwa. Na leƙa ta kafaɗar Nas, sai ga wutar inji ta kama, ruwan lemo, tana kallona.

"Tsaya a nan," in ji mai jarrabawa. "To, tashi."

Nas ta yi komai daidai, ni shaida ce. Ta saki kuloci a hankali, ta ba da wuta, ta sauke birkin hannu. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Nas ta sake tayarwa. Motar ta tashi, ta yi gurnani, ta sake mutuwa, muka fara silalowa baya sai da mai jarrabawa ya taka nawa birkin.

"Malama," ya ce ba tare da ya juyo ba, "wannan ba laifin ɗaliba ba ne. Motarki ce ba ta da lafiya. Sai a sake mata rana."

Nas ta kifa kai a kan sitiyari. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Hutun da ta roƙa a wajen aiki ya tafi a banza. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Mai makaranta ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. Ta zo ta tsaya a gefen taga.

"Kin san doka. Ki cire allon makaranta daga kan motar. Ɗalibanki zan raba wa sauran."

"Hajiya, filta ce kawai, yau ɗin nan za a gyara."

"Kowa da abin da yake cewa kawai ne. Idan na ɗaga miki, gobe sai na ɗaga wa kowa."

Da hannuna na kwance allon. Aka taya ni tura motar zuwa garejin da ke kusa, makanike ya fesa wa sensa abin wanki, ya sa sabuwar filtar takarda, motar ta tashi garau kamar ba ita ba. Ya miƙo mini jar a cikin leda, mai na taruwa a gindin ledar. Gyaran bai ɗauki wani lokaci ba, amma aikin ya riga ya tafi.

Ina zaune a garejin saƙon Nas ya shigo.

"Malama, ki yi haƙuri, ba motarki ba ce wannan? Maigidana na bin shafin mutumin nan, shi ya nuna mini."

Na buɗe. Ga ƙofar gidanmu, ga motata bonet a buɗe, ga Mai Filta da farar rigarsa yana washe baki. Ni ya toshe ni daga ganin bidiyon, ya manta duniya ba ni kaɗai ce a cikinta ba.

Na kalla har ƙarshe. Na sake kalla. Sannan na ɗauki ledata na nufi gida.

Motarsa na ƙofar gida, ta tare rabin layi. A falo na same su: Gwaggo ta baje a doguwar kujera cikin sabuwar riga mai fulawa, Mama a kujerarta, shi kuma a ƙasa kan darduma, sarkin ladabi, yana kurɓar shayi a kofin baƙi.

"Ga 'yar halak," in ji Gwaggo. "Yanzu muke maganarki. Ya jarrabawar?"

Na zazzage ledar a tsakiyar teburin. Filtar ta faɗi, jan mai ya fara bin farin mayafin Mama yana yaɗuwa.

"Ke! Kin haukace?" Gwaggo ta zabura.

Na ƙure muryar wayata, na ajiye ta kusa da filtar. Muryarsa ta bidiyo ta cika falon.

"Jama'ata, yau za mu kammala gwajinmu na filta uku. Shuɗiya na motata, da mai daidai. Soso na motar abokina. Ja kuma, kun daɗe kuna tambaya, me zai faru idan mai ya yi yawa? To yau za mu gani da idonmu. Ba zan yi a tawa ba, kun san tawa ba ta wasa ba ce." Ya yi dariya, ya matse kwalbar man a kan filtar har yana ɗiga a takalminsa. "Wannan motar koyo ce, yini take a ƙaramar giya, ta dace da gwaji. Mai ita ba ta sani ba, amma kada ku damu, ta gida ce, kuma da izinin manya na yi. Cewa ma aka yi idan motar ta kwanta an huta. Ku biyo ni ku ji sakamako."

Kofin na hannunsa, ya rasa inda zai ajiye.

"Sarauniya, wasa ne irin na bidiyo, kin san sai da ɗan gishiri..."

"Kada ka ƙara ce mini sarauniya." Muryata ko rawa ba ta yi ba. "Ga sakamakon da kake jira, ka kai wa jama'arka. Mota ta mutu a kan tudu a gaban mai jarrabawa. Wata baiwar Allah ta yi asarar ranarta. Ni an cire ni daga aiki. Ka ji daɗi? Kai da ka san inuwar da ake shanya soso, ka san awon man da auduga ke sha, ba ka san a tambayi mutum kafin a taɓa kayansa ba? Motarka ba ta wasa ba ce, tawa ce ta wasa? Ko a shago aka ba ni kai kyauta, wallahi a nan zan bar ka."

Mai Filta ya sunkuyar da kai, yana satar kallon Mama. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan kallon ne ya tsayar da ni.

"Har da yi wa manya ƙarya," na ce, amma muryata ta fara sauka. "Wai da izini. Mama, kin ji abin da ya ce a kanki?"

Mama ta ajiye carbinta a kan cinya. Ba ta kalli mayafin teburinta da ya lalace ba, ba ta kalle ni ba. Shi ta kalla, fuskarta a haɗe.

"Kai ma ba ka kyauta ba," ta ce. "Na ce ka sa motar ta kwanta. Ban ce ka ɗauki ƙofar gidana ka nuna wa duniya ba."

'Yan uwa, duk rainin da na kwashe makonni ina tarawa, na ɗora wa mutumin nan kaf, ashe ɗan aike ne. Na tuna ranar kwalaye uku, da tambayar da Mama ta yi masa. Na tuna saƙon Gwaggo da aka ce in kai a motar haya, har ina murna an tuna da aikina. Na ji zafin da ban taɓa ji ba tun rasuwar Baba.

"Mama, ke?"

"Ni. Na yi magana na gaji. Yanzu ai kya zauna."

"Motar Baba ce fa."

"Baban naki da yana nan, da bai bar ki kina yawo a titi ba."

"Shi ya koya mini tuƙin, Mama. A cikinta."

Mai Filta ya lallaɓa ya ajiye kofin, ya fara laluben takalminsa da ƙafa, ba wanda ya ko dube shi. Na zagaya teburin na tsaya a gaban Mama, na miƙa hannu.

"Ba ni makullina na biyu."

Ta jawo 'yar jakar nan daga gefen kujera, ta zuge, ta ciro makullin. Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta dunƙule shi a tafin hannunta, ta ɗora ɗaya hannun a kai.

Gwaggo na cewa in zauna, in bi a hankali, uwa ce. Ban zauna ba, kuma ban janye hannuna ba.